Ranin da na karanta wa Baffa Zabura tun daga 1 har 150

Ni manomi ne, ƙauyenmu yana kudancin Kano ba nisa da dam ɗin Tiga, kuma mu Kirista ne tun daga kan iyayenmu, kakanninmu kuwa Maguzawa ne. Na fara da wannan ne don har gobe akwai masu mamaki in sun ji Bahaushe ɗan Kano ya ce shi ɗan coci ne, sai ka ji an ce to amma asalinku daga ina, alhali kabarin kakan babana yana nan bayan gida kusa da tsamiya. To ba wannan ne zancen ba dai.

Daminar 2022 duk wanda ke Kano da Jigawa ya san irin ruwan da aka yi, mutanen Haɗeja da Ringim da Auyo ma sun fi mu ganin tashin hankali. Ni a shekarar na zuba duk ƙarfina a fadama, shinkafa na yi, na karɓi taki buhu huɗu bashi a wurin wani Alhaji da muka daɗe muna hulɗa, kamfa biyu yuriya biyu, da alkawarin in an yi girbi in biya. Shinkafa ta yi kyau har ta fara ɗaukar ciki, sai rafi ya cika ya haura ya kwanta a kanta kwana da kwanaki, da ruwan ya janye ba abin da na tarar sai yashi da wari. Ban gama jin wannan ba sai autarmu, 'yar shekara uku, zazzaɓi ya kama ta cikin watan Satumba, kwana huɗu ta yi ta tafi.

Mutane sun yi ƙoƙari, ba zan ci amanarsu ba. 'Yan coci sun zo, maƙwabtanmu Musulmi sun zo sun zauna da mu kwana uku, matan zumunta, wato ƙungiyar matan coci, suka riƙe girki. Amma kowa ya zo da ayarsa a baki, wannan ya ce Ubangiji ya bayar Ubangiji ya karɓa, wancan ya jawo Romawa 8 ya ce komai yana aiki tare domin alheri, ni kuwa ina cewa amin amin a baki, a ciki kamar ana zuba min barkono a gyambo. Na san gaskiya suke faɗa, ban musa ba, kunnena ne kawai ya ƙi ɗauka. Daga nan na daina zuwa sujada. Ranar Lahadi in na ji an buga ƙarfe sai in ɗauki fartanya in yi gonar tudu ko ba aikin da zan yi, in zauna gindin ɗorawa har sai na tabbata an tashi. Kasuwa ma na daina shiga ta ɓangaren da shagon Alhaji yake. A gida kuma ni da maman yara sai gaisuwa da ga abinci, ba wanda ke ambatar sunan yarinyar.

Ƙarshen Oktoba Baffa ya aiko a kira ni. Baffa yayan babana ne, ya haura tamanin, yanar ido ta rufe masa gani shekara biyu ke nan. A gidan tsafi aka haife shi, yana saurayi ya karɓi bishara a hannun masu wa'azin da mishan ɗin SIM ta turo ƙauyuka, a wurinsu ya koyi karatu, kuma yana cikin waɗanda suka ɗebi ƙasa suka gina ɗakin sujadarmu na farko tun ana rufin ciyawa. Na je ina jiran faɗa, na ma shirya amsoshina tun a hanya. Da na durƙusa na gaishe shi bai ce min komai kan coci ba, cewa ya yi "kai yaro, idona ya tafi, jikokin nan kuma karatunsu kamar ana korar su, ina so ka riƙa zuwa bayan an ci tuwo ka karanta min Zabura, ɗaya kullum." Babba ya roƙe ka abu irin wannan ta ina za ka ce a'a. Na ce to Baffa.

Littafinsa tsohuwar fassara ce, wadda aka fara bugawa a 1932, bangon ya daɗe da cirewa ya yi masa wani da takardar buhun siminti ya ɗinke da zare, gefen takardun ya yi baƙi don hannu. Hausar ciki tana da nauyi, wasu kalmomin ban taɓa jin su a bakin kowa ba sai tsofaffi. Ni kuma ina da tawa ta 1979 wadda muke karantawa a coci. Ya ce in zo da duka biyun, in fara da tasa in maimaita da tawa a hankali. Tsarin ke nan har muka gama: in karanta sau biyu, ya yi shiru, sannan ya ce "wace magana ce ta soke ka?" Bai taɓa ce min me ka koya ba. In na faɗa ya ce to, ya yi addu'a gajera wadda ba ta kai minti ɗaya ba, in tashi in tafi.

Daren farko kaɗan ya rage in ajiye littafin. Zabura 1 tana kwatanta mutumin kirki da itacen da aka dasa a bakin rafi, ganyensa ba ya yaushi, duk abin da ya taɓa sai ya yi albarka. Ni da na shuka a bakin rafi rafin ya cinye ni. Da ya tambaye ni sai na ce ba abin da ya soke ni, ya ce ƙarya kake, na ji muryarka ta canja a aya ta 3. A nan na gane tsohon nan ya haddace rabin abin da nake karanta masa, don ko na tsallake kalma sai ya mayar da ni baya. Wato ba don kansa ya kira ni ba. Na gane, shi ma ya san na gane, amma ba wanda ya ce komai, muka ci gaba a haka.

Sati biyun farko jiki kawai nake kaiwa. Abin da ya fara taɓa ni Zabura 13 ce. Baffa ya ce in ƙirga sau nawa Dawuda ya ce har yaushe, na ƙirga, sau huɗu a ayoyi biyu na farko, har da tambayar Allah ko ya manta da shi ne har abada. Na ce Baffa wannan ai rashin kunya ne, mutum ya yi wa Ubangiji irin wannan magana? Ya yi dariya ya ce to kai da ka yi shiru ka ƙaurace masa wata biyu, da wanda ya tsaya gabansa yana ƙara, wa ya fi ladabi? Ban amsa ba. Tun muna Sande Sukul, wato ajin yara na ranar Lahadi a coci, ayoyin ta'aziyya aka fi sa mu haddacewa, ba wanda ya taɓa nuna min cewa littafin cike yake da masu kuka da masu ƙorafi, kuma ba a goge maganarsu ba, an bar ta a ciki ana rerawa. Da muka zo ta 22 na ga kalmomin da Yesu ya yi kira da su a kan gicciye, yana tambayar don me aka yashe shi, ashe daga nan ya ɗauko su. Washegari muka yi ta 23 da kowa ya sani, ta makiyayi, sai na ji ta daban da yadda na saba jin ta, don jiya-jiya na fito daga ta 22.

Farkon Disamba muka iso ta 37, a nan abin ya bar zuciya ya koma ƙafa. Aya ta 21 ta ce mugu yakan ci bashi ya ƙi biya. Na karanta da tsohuwar fassara na wuce da sauri, na zo maimaitawa da tawa sai harshena ya sarƙe. Baffa bai ma yi tambayarsa ta kullum ba, cewa ya yi jibi kasuwa ko? Na ce e. Ya ce to.

Ranar kasuwa na zagaya shagon nan ya fi sau uku kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, sai da mutane suka ragu na shiga na cire takalmi na gaishe shi. Na ce Alhaji na zo ne da kunya, ban zo da ko kwabo ba. Ya ce ai ya ji duk abin da ya faru, har ya aika yaronsa gaisuwa lokacin rasuwar, abin da ya ɓata masa rai kawai shi ne yadda yake hango ni ina canja hanya kamar shi dodo ne. Ya ce bashi hanji ne yana cikin kowa, shi ma kayan a hannun wasu ya karɓo. Bai yafe ba, ni ma ban je don a yafe min ba, amma ya ce a bar shi a kuɗin ranar da na ɗauka ko da taki ya tashi, in riƙa kawo abin da ya samu yana rubutawa. Ya buɗe littafinsa ya nuna min layina da biro. Da na fito sai na ji yunwa, rabon da in ji yunwa ta gaske tun Satumba, na tsaya na sayi ƙosai na ci a tsaye.

Daga nan na shiga ƙwadago a gonakin noman rani na wajen Kadawa, inda ruwan Tiga ke bi ta kwalbatoci yana shayar da Kura da Bunkure da Garun Malam. Da asuba mu hau mashin mu uku cikin hunturu hannu kamar zai tsinke, da farko ban ruwa da cire ciyawa, da tumatir ya nuna kuma tsinka da loda kwanduna a kai Kwanar Gafan. Mutumin da ya saba aikin gonarsa ya koma a kira shi a ba shi na yini, akwai ɗaci, amma a lokacin har gara min gajiyar don tana sa ni barci. In na dawo in watsa ruwa in ci tuwo in nufi zauren Baffa, yara sun hura masa wuta da kara da ɗan itace, in zauna in kunna tocilar waya. Wani daren ina karantawa ina gyangyaɗi sai ya taɓa ni da sandarsa.

Sai ranar da muka zo Zabura 88. Wajen ƙarshen Janairu ne, sanyi ya kai inda ya kai, ƙura ta rufe wata. Zuwa lokacin na saba da yadda waɗannan waƙoƙin suke tafiya, mutum zai yi kuka ya yi kuka, can wajen ƙarshe sai ya juyo ya ce amma duk da haka na dogara gare ka. To ina karanta wannan ina jiran juyowar. Mai waƙar ya ce ransa ya cika da wahala, an lissafta shi cikin masu gangarawa kabari, ya ce Allah ne da kansa ya jefa shi rami mai zurfi, raƙuman ruwansa sun danne shi, ya raba shi da abokansa, yana kira tun safe ba amsa. Aya 18 ce duka, ta ƙarshen kuma a kan duhu ta tsaya. Na juya takarda na ga 89 ta fara. Na koma baya na duba ko takardu biyu ne suka manne. Na ce Baffa ina sauran? Ya ce babu saura, nan ta ƙare.

Muka yi shiru wuta tana ta ƙara. Can sai ya ce min 'ya'ya tara Allah ya ba shi, huɗu ya binne da hannunsa, biyu a sati ɗaya shekarar da aka yi baƙon dauro, kuma a lokacin 'yan'uwansa da ba su bi sabuwar hanya ba suka ce masa ga abin da barin tsafin gida ya jawo maka nan, iskoki ne suka karɓi hakkinsu, ka zo a yanka baƙin bunsuru kafin su ƙarasa sauran. Ya ce wata uku wannan Zaburar kaɗai yake iya karantawa, sauran duk sun yi masa zaƙi da yawa. Ya ce ka duba farkonta, duk da abin da mutumin nan zai faɗa, da me ya kira Ubangiji? Na duba, Allah na cetona ya kira shi. Ban taɓa jin labarin yaran nan biyu ba sai daren, a gidanmu ba a faɗa.

Na koma gida na kasa barci. Na ji maman yara ita ma tana juyi, na ce ba ki yi barci ba? Ta ce a'a. Ban san abin da ya tura ni ba, na jawo littafin na kunna waya na ce bari ki ji wani abu, na karanta mata a hankali don kada yara su tashi. Da na gama ta ce wannan a cikin Littafi Mai Tsarki yake? Na ce ga shi kuwa. Sai ta fashe da kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar jana'iza, tana toshe baki da zani. A daren ne ta faɗa min cewa tun ranar tana ganin ita ta kashe yarinyar, don ita ta ce a fara gwada maganin kemis kwana biyu kafin a tafi asibiti. Ni kuma na faɗa mata nawa, cewa na yarda da maganar kemis ɗin ne don ba ni da kuɗin mashin da na kati, duk na zuba a fadama, kuma ranar da muka ɗauke ta ruwa ya yanke hanya sai da muka zagaya, a kafaɗata jikinta ya saki tun ba mu kai titi ba. Wata huɗu kowa yana ɗauke da nasa a ɗaki ɗaya, kowa yana tsammanin ɗayan yana zarginsa. Muka kira sunanta a daren sau ba adadi. Addu'ar da muka yi ba ta da kai ba ta da gindi, ni dai na tuna na ce ya Ubangiji ka gan mu, ban iya ƙara komai ba.

Kada wani ya ɗauka daga nan komai ya warware. Cikin Fabrairu aka shiga wahalar canjin kuɗi, tsofaffin 200 da 500 da 1000 an ce a daina karɓa, sababbin kuma babu su, ka yi aiki yini guda mai gona ya ce sai dai taransifa, ka zo wurin mai POS ya ce ba kuɗi ko ya yanki rabonsa mai tsoka, tumatir yana lalacewa a kwando don masu saye ba su da tsaba. Sati uku ban kai wa Alhaji komai ba, amma wannan karon da ƙafata na je na faɗa masa. Coci kuma na koma ranar wata Lahadi ba tare da na yi shawara da kowa ba, na zauna a bencin baya kusa da ƙofa, gaskiya ban ji wani abu na musamman ba, waƙar ma ban iya bi ba. Fasto ya gan ni, da aka tashi ya miƙo min hannu ya ce sannu da zuwa, ya aiki, shi ke nan. Na gode masa da bai tsayar da ni gaban jama'a ba.

Ta 119 ta ba mu aiki, aya 176, kashi 22 kowane da aya takwas, dare biyar muka yi a kanta kuma ba zan ɓoye ba na gaji da ita, Baffa kuwa ita ce abar sonsa, yana bi na da baki. Gajerun da ke bayanta muka riƙa haɗa biyu-biyu. Zuwa lokacin zafi ya shigo, maƙwabta sun kama azumi, mun bar zaure mun dawo tabarma a waje. Daren ta 126 maman yara ta biyo ni da kunun Baffa ta zauna daga gefe. Waƙar tana maganar masu shuka da hawaye za su yi girbi da sowa, mutum ya fita yana kuka ɗauke da iri ya dawo da dammuna. Baffa ya ce wanda ya yi wannan waƙar ya san bazara, ya san yadda ake ɗaukar hatsin da yara ke kallo a je a zuba a ƙasa. Sai maman yara ta yi ƙasa da murya ta ce Baffa ai akwai iri. Na juya na kalle ta. Ashe tun kaka ta zaɓi manyan zangarniyar dawa da 'yar masarar da gonar tudu ta ba mu, ta gauraya da toka ta zuba a tulu ta liƙe bakin da laka ta tura ƙarƙashin gado, duk ƙarancin da muka shiga ba ta taɓa ba kuma ba ta faɗa min ba, wai don ta san in na sani zan kai kasuwa in rage bashi. Kuma da na kai ɗin.

Bayan Ista da 'yan kwanaki muka kai ta 150. Aya shida ce, duk kayan kiɗa ne a ciki, ƙaho da molo da garaya da ganga da sarewa da kuge. Baffa ya ce wannan ba a karanta ta a bushe, ya sa jikoki suka ɗauko gangar matasa daga coci, wani ya zo da gwangwani da tsinke, maman yara ta shiga gida ta fito da tulun kiɗan zumunta wanda rabonta da shi tun kafin rasuwar, ta zauna ta sa shi tsakanin ƙafafu tana buga bakinsa da tafin hannu. Na karanta sau biyu kamar kullum, da tasa da tawa, cikin hayaniyar yara ba ma mai jin abin da nake faɗa. Da aka lafa na jira ya yi min tambayarsa, sai ya ce in miƙo masa littafinsa, ya shafa bangon ya lalubi wajen tsakiya ya ce gobe in zo da wuri, Ayuba sura 42 ne kuma surorinsa sun fi waɗannan tsawo.

Ranar kasuwar da ta biyo baya na kai wa Alhaji abin da na tara na ƙarshen tumatir, ya buɗe littafi ya yi lissafi ya ce saura kuɗin buhu ɗaya da rabi. Na ce masa bana ba zan taɓa fadama ba, tudu zan yi, kuma takin gida zan kai. Ya ce in ka canja shawara ka san hanya. A hanyar dawowa hadari ya haɗu ta gabas, iska ta taso da ƙura, na tsaya wurin maƙeri na karɓi sungumin da na ba shi gyara tun sati biyu.